Yadda Na Caje Surukina a Ƙofar Makaranta

Abubuwa da yawa sun wuce ta kaina a aikin gadi, wasu na manta, wasu ma gara da na manta ɗin. Amma ranar da aka tsayar da ni a bakin ƙofa aka ce in caje surukina, uban matata, wannan kam ko tsufa ya lanƙwasa ni ba na jin za ta fita daga raina. Har yanzu in na tuna sai zufa ta fara karyo mini, sannan dariya ta biyo baya.

Ni asalina manomi ne daga wajen Dogon Dawa. Da zuwa gonakin cikin daji ya zama abin fargaba, sai na kwaso iyalina muka dawo cikin garin Birnin Gwari, Allah ya taimake ni na sami gadi a wata makarantar kuɗi. Kayan aikina a lokacin ba su da yawa: gora, kujerar roba, buta, da 'yar rediyo. Tsarin aikina ma bai fi haka yawa ba. In na san fuskarka, ka wuce. In ban san ka ba, in tambaye ka ɗan gidan wa, kuma a garin nan da wuya mu yi minti biyu ba mu gano muna da dangantaka ba. Shekara uku ina haka, ina ganin duk ƙasar nan babu maigadin da ya kama ƙafata. Yarana biyu ma a makarantar suke karatu, mai makarantar ne ya ɗauke su saboda ina masa aiki.

Sai wata rana mai makarantar ya kira ni ofis. Ya ce iyayen yara sun matsa masa, don haka ya miƙa tsaron makarantar ga wani kamfanin tsaro mai lasisin hukuma. Su kuma kamfanin, doka ba ta yarda su tsayar da mutum gadi ba sai an tantance shi, an ba shi horo, ya ci jarrabawa, an ba shi takardar shaida da kati mai hotonsa. Ya ce ya roƙa mini alfarma a sa ni cikin waɗanda za a horar lokacin hutu, a nan cikin makarantar. In na ci, in ci gaba da aikina. In na faɗi, su kawo nasu. Bai ambaci maganar yarana ba, ni ma ban ambata ba, amma dukanmu mun san inda ta dosa.

Gaskiya na ji haushi. Na fito ina ƙunƙuni, wai ni za a koya wa zama a bakin ƙofa. Da na koma gida na faɗa wa maiɗakina, sai ta ce, "To Malam, in ka iya ai sai ka je ka koya musu." Na daɗe ina juya maganar ban gane yabo ce ko ba'a ba.

Mu goma sha wani abu aka tara. An ɗauki hotunanmu, an dangwala yatsunmu a tawada, kowa ya kawo dattijon da zai tsaya masa. Wanda aka turo ya horar da mu wani tsohon soja ne daga Kaduna, gajere, kakkaura, muryarsa ta fi jikinsa girma. Saje muke ce masa. Tun ranar farko ya sa mu fareti, kuma a nan na gano cewa na kai shekara arba'in a duniya ban tantance hagu da dama ba in an yi mini tsawa. Abokin wahalata wani ɗan Gbagyi ne daga Tabanni, tsohon maharbi, wanda ya zo da tunanin za a ba shi bindiga. Da Saje ya ce doka ta hana maigadin kamfani riƙe bindiga, sai ya juyo ya ce mini, "To in ɓarawo ya zo, da me za mu tare shi? Da biro?" Saje ya ji. Ranar abokina ya zagaye filin ƙwallo sau biyar da gudu.

Duk da taurin kaina, na koyi abubuwan da ban taɓa sani ba. Shekara uku ina kallon jar tukunyar kashe gobara a rataye a bango, ban san ana zare mata wani ƙarfe kafin ta yi aiki ba. Na koyi yadda ake kwantar da wanda ya suma, da yadda ake tsayar da jini. Na koyi cewa in ka kama ɓarawo ba naka ba ne ka dake shi, ka riƙe shi ka kira 'yan sanda. Wannan dokar ta yi wa da yawanmu ciwo. Amma abin da Saje ya fi nanatawa shi ne aikin ƙofa: ka gaida baƙo, ka tambayi sunansa da wanda ya zo gani, ka rubuta a littafin baƙi, ka buɗe jakarsa, ka bi jikinsa daga sama har ƙasa da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. Kullum sai ya ce, "Kowa da kowa! Ko mai makaranta ne!" Mu kuma mu amsa da ƙarfi, a zuciyata ina cewa faɗa dai ake yi.

Ranar jarrabawa, ashe Saje yana da dabara. Sai ya fita titi ya samo mutanen gari, ya roƙe su su shigo kamar baƙi, ya ba kowa jaka da wani abu a ɓoye a ciki. Mu kuma ana tsayar da mu a ƙofa ɗaya bayan ɗaya, sauran na zaune a inuwa suna kallo. Abokina ya samu wani mai sayar da rake, ya caje shi har da raken, ya ci jarrabawarsa. Ni kuwa na gyara hula, na ja damara, na tsaya ƙyam cikin sabon kaki da takalmin but mai igiya, ina jiran nawa.

Aka ƙwanƙwasa. Na buɗe ƙaramar ƙofa da ƙarfina, bakina ɗauke da gaisuwar da aka koya mana. Wa zan gani? Surukina, cikin farar babbar riga, da baƙar jaka a hannu.

Abin da ya faru shi ne, ya zo daga Kutemeshi da safen nan don ya duba 'yarsa da jikokinsa, aka ce masa ina makaranta ana mana jarrabawa, shi ne ya tako ya tsaya daga nesa ya ga yadda abin yake. Saje ya hango dattijo mai farin gemu, ya ce yauwa, irin wanda masu gadi ke jin nauyi ke nan. Bai san komai a tsakaninmu ba.

Wanda ya tashi a cikinmu ya san mene ne suruki. Mutumin nan tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake tuɓe takalmi. To jikina bai jira shawarata ba. Kafin in ankara na durƙusa, hular kamfani na hannu, ɗaya hannun yana kokawa da igiyar but. Igiyar kuwa ta ƙi kwancewa, don da safe na yi mata ƙulli biyu saboda kada Saje ya ga aibu. Haka na zauna a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, ina jan takalmi ina cewa, "Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya mutanen gida? Ya hanya?" Shi kuma yana amsawa a natse, yana kallon sama.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na ga dattijo tsaye a rana da kaya a hannu, ni kuma ga ni da raina da lafiyata. Na miƙe da but ɗaya a ƙafa, ɗaya a hammata, na karɓi jakar da hannu biyu, na wangale masa babbar ƙofa, na shige gaba ina ɗingishi har gaban teburin da Saje yake zaune. Na ajiye jakar a hankali.

Saje ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya zuge jakar, ya zaro wata doguwar wuƙar katako da aka shafa wa baƙin fenti, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya ce, "Na shekara ina wannan aiki. Na ga wanda ya bar makami ya wuce. Amma wanda ya ɗauko makamin da kansa ya kawo har ofis, yau na fara gani. Malam, gadi ka zo koyo ko dako?"

Dariyar da aka yi ranar, na tabbata an ji ta a kasuwa. Abokina har da faɗuwa daga benci. Da ya samu numfashi shi ne ya yi wa Saje bayani cewa ai dattijon surukina ne. Na ɗauka wannan zai sa a yi mini uzuri. Saje ya gaida dattijon da girmamawa, sannan ya juyo gare ni ya ce waɗanda suka faɗi za a sake gwada su jibi, sau ɗaya tak. Ya ƙara da cewa, "Kai kuma da wannan Baban za a sake gwada ka, in zai taimaka ya dawo. In ka iya caje shi, ka iya caje kowa. In ba ka iya ba, ban sa hannu a takardarka."

Na koma gida da yamma jikina a sanyaye. Labari ya riga ni isa. Maiɗakina na tankaɗe a tsakar gida, tana ganina ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Na ce mata ba abin dariya ba ne, na yanke shawara, gobe zan mayar da kakinsu. Gara in je in yi leburanci da in sa hannu a aljihun mahaifinta. Nan take dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Yaran fa?" Sai na ɗauki buta.

Bayan la'asar surukina ya aiko a kira ni zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Bai yi mini magana kai tsaye ba, don shi ma yana jin nauyina kamar yadda nake jin nasa. Sai ya kira 'yarsa ta tsaya daga ciki, ya riƙa yi mata magana ni ina ji.

Ya ce, "Ki tambayi maigidanki, ni na san abin da ke cikin jakar nan?" Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Sojan nan ya ce Baba riƙe mini wannan ka shiga da ita, na riƙe. Yau da safe ma a tashar Kutemeshi mutum biyu suka ba ni saƙo in kawo cikin gari, ɗaya ƙulli a leda, ɗaya kwali. Na buɗe? Ban buɗe ba. Wa yake buɗe saƙon mutane? Haka muka tashi, haka muke yi. To a wannan zamanin da muke ciki, wanda yake son ya shigar da mugun abu inda yara suke, kina jin zai ɗauko da kansa? Irina zai nema, mai furfura, wanda ba a tambaya."

Ya numfasa, ya gyara zama. Ya ce, "Ki ce masa ladabinsa na gani, Allah ya yi albarka. Amma jikokina biyu suna bayan ƙofar nan. Jibi zan koma makarantar. In ya sake karɓar mini jaka, ni da shi ne."

Maganar ta shige ni. Duk kwanakin da Saje ya yi yana daka mana tsawa, ban fahimci dalilin dokar ba sai a bakin tsohon nan da bai taɓa shiga aji ba. Ni a tunanina, caje mutum zarginsa ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutumin kirki ma yana iya ɗauko abin da bai sani ba.

Ranar da aka sa, mutane sun fi na farko yawa, don har waɗanda suka riga suka ci sun dawo kallo. Abokina ya zo da gyaɗa. Aka ƙwanƙwasa, na buɗe. Na rusuna na gaida shi, amma ban kai ƙasa ba, takalmina kuma yana ƙafata. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, za a rubuta suna da wanda aka zo gani." Ya faɗi sunansa cikakke, na rubuta.

Sai na ce a ba ni jaka in duba. Ashe Saje ya ce masa ya yi gardama irin ta manyan mutane, shi kuma tsohon ya karɓi aikin da hannu biyu. Ya ɗaga murya ya ce, "Ni za ka caje? Kai! Ni da na ɗauki 'ya sukutum na ba ka? Yaushe aka haife ka? Kira mini mai makarantar!" Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ko a kan akuya ba. Gwiwoyina suka fara neman ƙasa da kansu. Na ji abokina daga inuwa yana cewa, "Shi ke nan, ya tafi." Na daure na ce, "Baba, ku gafarce ni. Ba ku nake zargi ba. Doka ce a kan kowa, ni ma in na zo baƙunta haka za a yi mini." Ya yi tsaki mai kyau, ya miƙo jakar.

Na zazzage ta tas. Babu komai sai tsofaffin jaridu. Na so in yi hamdala in buɗe ƙofa, sai na tuna saura jiki. Na ɗauko na'urar, na ce ya ɗaga hannuwa. Ya ɗaga, babbar riga ta baje. Ina kai ta wajen aljihun gaba ta fasa kuka. Na ce a fito da abin da ke ciki. Ya laluba ya fito da magogin goro, ɗan gwangwanin nan mai huji da tsofaffi ke goga goro da shi in haƙora sun yi ƙaranci. Aka sake fashewa da dariya. Wannan nasa ne na kansa, ba na Saje ba, kuma na ga alamar shi ma ya ɗan ji kunya.

A nan ne na kusa faɗuwa karo na biyu, don na ji kamar na gama. Amma an ce daga sama har ƙasa, ni kuma na fara daga kafaɗa ne saboda hannuna ya ƙi hawa sama da haka. Na rufe ido, na ɗaga na'urar zuwa kansa. Ta yi kuka.

A ce wa suruki ya tuɓe hula a bainar jama'a, wannan ko a mafarki ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, hular." Ya sa hannu ya cire ta a hankali, ya miƙo mini. A cikinta an naɗe wata 'yar ƙaramar aska a takarda. Na ɗauke askar, na kaɗe hular, na mayar masa da hannu biyu. Sannan, tunda aiki ya ƙare, na durƙusa har ƙasa na ce ya yafe mini.

Saje ya taso da kansa ya zo bakin ƙofa. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce wa sauran, "Kun gani? Ya gaida shi, ya ba shi haƙuri, bai bar ko allura ta wuce ba. Durƙuson ƙarshen ba ya cikin littafi, amma ban hana ba." Ranar ya sa hannu a takardata. Bayan 'yan makonni katina ya zo, da hotona a jiki na zare ido kamar wanda aka kama da kayan mutane.

Surukina ya sa hularsa, ya mayar da magoginsa aljihu, ya kama hanya. Sai da zai koma Kutemeshi washegari, ina durƙushe a zaure, ya ce wa 'yarsa, "Ki ce masa ranar farko na ga suruki, jiya na ga maigadi. Yanzu in na kwanta ba zan riƙa tunanin yaran nan ba." Na yi ta kallon ƙasa, don idona ya cika, kuma ba na son ya gani.

Shekaru sun wuce, tsohon ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa har yau ina bakin ƙofar, kuma in an kawo sababbin masu gadi ni ake ba su in nuna musu aiki. Ina faɗa musu cewa baƙon da ba su sani ba ba shi ne matsalarsu ba, wannan kowa zai iya tare shi. Wanda zai gwada su shi ne limamin unguwarsu, da ƙanin babansu, da matar mai makaranta. Abin da na koya a wancan makon ke nan: girmama mutum yana cikin yadda ka yi masa magana da yadda ka miƙa masa kayansa, ba a kauda kai daga jakarsa yake ba. Kunyar da za ta sa ka buɗe ƙofa ba ka duba ba, kai ka ji daɗinta na minti ɗaya, amma yaran da ke cikin aji ne ka jefa cikin haɗari, su kuma ba wanda ya tambaye su.